Kundin Neman Bayanai: Darasin da Ma'ajiyoyin Jos ke Koya wa Ma'aikatunmu

Shekaru da dama masu nazarin fina-finai suna lissafa fim ɗin Shaihu Umar cikin dukiyar da ta salwanta. Adamu Halilu ne ya ba da umarninsa a 1976, da harshen Hausa, bisa littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. Cibiyar Arsenal da ke Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlinale a 2018.

Wuta ba ta ci fim ɗin ba, ɓarawo bai ɗauke shi ba. Yana hannun hukumar da ta mallake shi duk tsawon lokacin. Abin da ya yanke shi ne hanyar da za ta kai mai nema gare shi. Irin wannan ɓata, na abin da ke cikin gida amma ba a san ɗakin da yake ba, shi ne ya fi yawa a ma'aikatu da jami'o'i da kamfanoni a yau, tun da takardu suka koma cikin kwamfuta. Maganinsa kuwa yana da suna: kundin neman bayanai, wanda masu sana'ar ke kira katalog.

Mene ne wannan kundi?

Kundin neman bayanai dabam yake da rumbun da bayanan ke ciki. Rumbu shi ke riƙe da hatsi, kundi kuma shi ke faɗin rumbu nawa ake da su, me ke cikin kowanne, wa ke riƙe da makulli, kuma yaushe aka zuba na ƙarshe. A ma'aikata ta zamani, abin da ake rajistarwa ya haɗa da jadawalin alƙaluma, taswirori, rahotanni, hotuna, faifan murya da na bidiyo. Kowanne yana samun shafinsa na shaida: suna, taƙaitaccen bayani, mai kula da shi, wurin da ya shafa, shekarun da ya ƙunsa, ranar da aka sabunta shi, da waɗanda aka yarda su buɗe shi.

Wannan tsari yana da tarihi. A 1995 aka yi wani taro a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka, wanda ya haifar da ma'aunin Dublin Core mai gurabe 15, irin su take, mawallafi, jigo, kwanan wata, harshe da haƙƙin mallaka. A 2016 kuma gungun masana suka wallafa ƙa'idojin FAIR, masu cewa bayanai su kasance ana iya gano su, ana iya isa gare su, suna iya haɗuwa da wasu, kuma ana iya sake amfani da su. Ba banza ba ganowa ta zo farko, domin sauran ukun duk a kanta suka dogara.

Jos tana da abin faɗa a nan fiye da yawancin biranen ƙasar, domin gari ne na ajiya. A cikinsa akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a 1952, da ma'ajiyar fina-finai da bidiyo da sauti ta ƙasa, da Jami'ar Jos. A Vom akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda tarihinta ya faro tun 1924. Ga kuma tarin taswirori da takardun da fiye da ƙarni guda na haƙar kuza ya bari.

Kundin da ke cikin kan mutum ɗaya

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, aka kawo shi Jos aka ajiye. Wajen 1943 aka sake samun wani kai na yumɓu a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙa ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Da aka nuna wa Bernard Fagg, matashin jami'in mulki da ya karanta ilimin tono kayan tarihi, sai ya lura da kamannin da ke tsakanin wannan da na farko. Daga wannan haɗi aka gane wayewar Nok, kuma Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos.

Shekaru kusan goma sha biyar abu na farko yana ajiye ba tare da ya gaya wa kowa komai ba. Ya yi magana ne ranar da aka samu mutumin da ya san da zamansa. Ma'aikatu da yawa a yau haka suke tafiya: akwai wani tsohon akawu ko jami'ar kwamfuta da ta san inda kowane fayil yake. Ranar da aka yi musu canjin wurin aiki ko suka yi ritaya, kundin ya tafi da su. Aikin katalog shi ne ya fitar da wannan sani daga kan mutum ɗaya, ya maido shi mallakar ma'aikata.

Gidan tarihin ya nuna ɗaya fuskar ma. A 1965 aka buga a Landan kundin rubuce-rubucen Larabci da ke gidan tarihin Jos da ɗakin karatu na Lugard Hall a Kaduna, aikin Aida Arif da Ahmad Abu Hakima. Shekaru 30 bayan haka, da John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na babban aikinsa kan adabin Larabci na Afirka a 1995, wanda ya ƙunshi rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno da Kano, ya riƙa nuna kwafin da ke Jos da lambobinsu. Ɗalibi a Alƙahira ko Zariya yana iya sanin cewa wani littafi na Abdullahi ɗan Fodiyo yana Jos tun kafin ya biya kuɗin mota.

Nema dabam, tacewa dabam

Duk katalog na zamani yana ba mai amfani kayan aiki biyu. Na farko akwatin nema, inda ake rubuta kalma. Na biyu jerin matatai a gefen shafi, inda ake zaɓar shekara, ko wuri, ko sashe, ko nau'in fayil. Mutane kan ɗauke su abu ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta.

Nema jefa taru ne. Na'ura tana bin sunaye da bayanan da aka rubuta, ta kawo duk abin da ya ɗauki kalmar, ta jera su bisa kusancin da take gani. Tacewa kuwa irin aikin da 'yan kasuwar Farin Gada ke yi ne idan dankalin Turawa ya iso daga Bokkos ko Mangu: a ware manya, a ware ƙanana, a fitar da wanda ya taɓu. Ba a ƙara komai a kan tulin, ragewa kawai ake yi. Tushen wannan dabara yana komawa ga masanin laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, wanda a 1933 ya fito da tsarin rarraba littattafai ta fuskoki da yawa, maimakon a tilasta wa kowane littafi zama a layi ɗaya tak.

Akwai ƙa'idar da ya kamata duk mai amfani da matatai ya sani. A yawancin manhajoji, zaɓi biyu a cikin mataci ɗaya yana faɗaɗa sakamako: wanda ya danna 2019 da 2020 zai ga na shekarun biyu duka. Zaɓi daga matatai daban-daban kuwa yana ƙuntata shi: wanda ya danna 2019, ya danna Jos ta Kudu, ya danna taswira, zai ga abin da ya cika sharuɗɗan uku ne kaɗai. Ƙananan lambobin da ke bayyana kusa da kowane zaɓi suna gaya masa abubuwa nawa za su rage idan ya danna, saboda haka karanta su kafin dannawa yana rage wahala.

Haɗarin da ya fi kowanne ɓoyuwa shi ne gurbin da aka bari fayau. Idan wanda ya yi rajistar wata taswira bai cike gurbin shekara ba, da zarar an tace da shekara taswirar za ta fice daga sakamako, kuma na'ura ba za ta yi gargaɗi ba. Mai nema zai tashi da yaƙinin cewa babu ita. Shi ya sa ƙwararru kan fara da nema mai faɗi, su duba yawan abin da ya fito, sannan su riƙa ƙara mataci ɗaya bayan ɗaya suna lura da abin da ke zubewa. Sakamakon da ya nuna sifili yana nufin kundin bai san abin da wannan suna ba. Wannan kuwa ba hujja ce ta rashinsa ba.

Wuri ɗaya, suna uku

A Filato, matsalar suna ita ce babbar jarrabawar kowane kundi. A ɗauka jami'in tsare-tsare yana neman duk abin da ma'aikatarsa ta mallaka game da kududdufan da haƙar kuza ta bari a wata ƙaramar hukuma. Zai tarar wani fayil ya rubuta Barkin Ladi, wani Barikin Ladi, wani Barakin Ladi. Ga ɗan Adam wuri ɗaya ne, ga na'urar da ba a koya mata ba wurare uku ne. Ma'adinin kansa wani rahoto zai kira shi kuza, wani ya yi amfani da sunan Ingilishi na ƙarfen, wani kuma da sunan kimiyya na dutsen da ake fitar da shi.

Sunayen al'ummu sun fi haka sarƙaƙiya. Takardun zamanin mulkin mallaka, irin waɗanda ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ƙarƙashin fayilolin Lardin Filato, sun rubuta Birom, Angas, Sura, Yergam da Ankwe. Mutanen da ake nufi suna kiran kansu Berom, Ngas, Mwaghavul, Tarok da Goemai. Kundin da ya tsaya kan tsofaffin sunaye zai rufe ƙofa ga jikokin masu tarihin. Wanda ya goge su ya bar sababbi kaɗai kuma zai yanke igiyar da ke kai mutum ga tsohuwar takarda. Mafita ita ce a tsayar da suna guda a matsayin na hukuma, a jera sauran a ƙarƙashinsa, ta yadda ko wanne aka rubuta zai kai ga wuri ɗaya. Haka ake yi wa sunan marubuci irin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kundaye daban-daban suka rubuta ta hanyoyi da yawa da baƙaƙen boko.

Iyakoki ma ba su zauna wuri ɗaya ba. An kafa Lardin Filato a 1926, aka yi Jihar Binuwai-Filato a 1967, aka yi Jihar Filato a 1976, aka cire Nasarawa daga cikinta a 1996. Alƙaluman Filato na 1990 sun haɗa da Lafiya da Keffi, na 2000 ba su haɗa ba. Wanda ya jera su a layi ɗaya ba tare da sanin haka ba zai ga raguwar da ba ta faru ba. Shi kansa ƙauyen Nok yana Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, don haka wanda ya tace kayan gidan tarihin Jos da sunan Filato a matsayin wurin samuwa zai zubar da wasu daga cikin mafi shahararsu. Kundi nagari yana rubuta wuri tare da zamanin da sunan ke aiki.

Ga masu aiki da Hausa akwai ƙarin tarko: baƙaƙe masu lanƙwasa. Ƙasa da kasa, ɓata da bata, ɗaki da daki, kowanne baƙi dabam ne a idon kwamfuta. Idan mai rajista ya rubuta da lanƙwasa, mai nema kuma wayarsa ba ta da ita, ba za su haɗu ba sai an saita manhajar ta ɗauki biyun a matsayin ɗaya yayin nema, tana kuma nuna ingantaccen rubutu a sakamako. Wannan gyara ne ƙarami ga masu haɗa manhaja, amma sai ma'aikata ta nema a rubuce tun ranar ba da kwangila.

Ranar da rajista ta zama shaida

A watan Janairun 1987 ɓarayi suka fasa gidan tarihin Jos suka kwashe kayayyaki tara, cikinsu har da wani kan tagulla na Ife. Shekaru 30 bayan haka, a 2017, kan ya ɓulla a Landan lokacin da aka nemi sayar da shi, aka gane shi, 'yan sandan Birtaniya suka riƙe shi. Abin da ya ba da damar a ce wannan na Jos ne shi ne hoto da bayanin da aka ajiye tun kafin satar. Saboda irin haka ne aka fito da ma'aunin Object ID a 1997, wanda ke fayyace mafi ƙarancin abin da za a rubuta game da kowane kayan tarihi, kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya yumɓun Nok cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar barazanar fasa-ƙwauri a 2000.

Abin da haɗa kundaye ke iya yi ya fito fili a Nuwamban 2022, lokacin da aka ƙaddamar da Digital Benin. Dandalin ya tattaro bayanan kayayyaki 5,246 na Masarautar Benin daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya kuma ba da damar tacewa da sunayen kayan a harshen Edo. Bai motsa tagulla ko ɗaya daga inda take ba. Amma a karon farko kowa na iya ganin me ke ina, kuma tattaunawar maido da kayan ta samu alƙaluman da za ta tsaya a kansu.

A ɓangaren ma'adinai, Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta ɗora wa Ofishin Rajistar Filayen Haƙar Ma'adinai alhakin riƙe rajistar lasisi, bisa ƙa'idar wanda ya riga nema shi ke da fifiko. A 2022 ofishin ya ƙaddamar da tsarinsa na intanet mai suna eMC+. Ga al'ummar da ke zaune kan tsohon filin kuza a Bukuru ko Rayfield, iya duba ko wa ke riƙe da lasisin ƙasar da ke kusa da gonakinsu magana ce ta rayuwa.

Ba kowane abu ake buɗe wa kowa ba

Samun abu a kundi bai zama izinin buɗe shi ba, kuma wannan rabuwa tana cikin amfanin katalog. Ana iya nuna cewa akwai rajistar marasa lafiya ta wata shekara, a faɗi sashen da ke kula da ita da hanyar neman izini, ba tare da an bayyana sunan kowa ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane su kiyaye su, kuma ma'aikatar da ba ta san inda irin waɗannan bayanai suke a kwamfutocinta ba, ba ta da yadda za ta cika wannan wajibi. Matacin da ke ware fayiloli masu ɗauke da sirrin mutane shi ne matakin farko.

Haka nan wuraren da ake tono kayan Nok. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, sun tarar masu haƙar sata sun riga su zuwa wurare da yawa. Kundin da zai bayyana wa duniya ainihin inda kowane wuri yake zai zama taswirar ɓarayi. Daidai shi ne a nuna yanki a dunƙule ga kowa, a keɓe cikakken bayani ga wanda aka tantance.

Ta ɗaya gefen, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa buƙatar ɗan ƙasa. Kwana bakwai sun wadatar ga ofishin da ke da kundi. Ga wanda sai an bi ɗaki-ɗaki ana tambaya, wa'adin zai cika kafin a gano wanda ke riƙe da makulli.

Kafin a amince da abin da aka samu

Ganin sunan fayil a sakamako rabin aiki ne. Mai nema yana bukatar ya duba abubuwa huɗu a shafin shaida kafin ya ɗora hukunci a kai. Wane ne mai kula da shi, kuma yana nan a ofis har yanzu? Yaushe aka sabunta shi? Wane yanki da waɗanne shekaru ya ƙunsa? Daga ina aka samo shi: ainihin abin da aka tattaro ne, ko kwafin da wani ya tace ya rage? Tambaya ta ƙarshe ita ke warware rikicin da kowane ma'aikaci ya sani, na fayiloli uku masu suna kusan ɗaya, kowanne yana iƙirarin shi ne na ƙarshe. Katalog mai inganci yana ɗora alamar amincewa kan guda, ya nuna sauran a matsayin tsofaffi, ba tare da ya goge su ba.

Ga shugabannin ma'aikatu, jarabar ita ce a fara da sayen manhaja mai tsada. Amma manhaja tana tace abin da aka rubuta ne kawai. Akwai ma na kyauta irin CKAN, wadda gwamnatoci da dama ke amfani da ita wajen wallafa kundayensu. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne yarjejeniya a cikin gida: gurabe nawa ne dole a cike, wane jerin sunayen wurare za a bi, wa ke da alhakin kowane tarin bayanai, kuma sau nawa za a duba a shekara. Ma'aikatar da ta fara da tarin bayanai hamsin da aka fi nema, ta cike shaidarsu tsaf, ta fi wadda ta zuba dubu goma babu shekara babu mai kula.

Akwai kuma taskar da ake yawan mantawa da ita: jerin kalmomin da mutane suka nema ba su samu komai ba. Duk wata ya kamata wani ya zauna ya karanta shi. A ciki zai ga sunayen da jama'a ke amfani da su waɗanda kundin bai sani ba, da bayanan da ake bukata waɗanda ba a taɓa rajistarwa ba.

Jos ta daɗe tana horar da masu wannan aiki. Tun farkon shekarun 1960 aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a garin da tallafin UNESCO, wadda ta karɓi ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. A 2019 Jami'ar Jos, tare da Hukumar Fina-finai da abokan hulɗa daga Jamus, ta fara digiri na biyu kan al'adun fim da adana shi. Faifan fim irin na da yana ruɓewa idan zafi da laima suka same shi, har ya riƙa fitar da wari mai tsami, don haka wanda za a fara ceta shi ne wanda aka san da zamansa. Kowane gwangwanin da ɗalibi ya buɗe, ya duba, ya rubuta masa take da shekara da harshe da halin da yake ciki, ya shiga layin waɗanda za a iya nema, a samu, a gyara. Sauran suna jiran mai rajista ya iso gare su kafin lokaci ya riga shi.